Muhawara: Wanda zai koma gida bayan ritaya, ya karɓi fasfon Birtaniya kafin ya tafi ko ya bar shi?

Bazazzage_Manchesta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ke yawan tasowa tsakanin dattawanmu na nan Ingila, ina so masana su warware mana ita. A ɗauki mutum ɗan shekara 60, haifaffen Najeriya, ya yi fiye da shekara 20 yana aiki a nan, yana da takardar zaman dindindin, wato ILR, amma bai taɓa neman zama ɗan ƙasa ba. 'Ya'ya sun girma a nan. Niyyarsa idan ya ajiye aiki ya koma Zariya ko Kano ya ƙarasa rayuwarsa cikin dangi. Wasu na cewa tunda komawa zai yi, kashe kuɗi a kan fasfon Birtaniya asara ce. Wasu na cewa kada ya kuskura ya tafi babu shi. A ba mu dalili, da lissafi in da hali.

Lauya_Sambo:
Wa alaikumus salam Malam. Abu na farko da ya kamata dattijon ya sani, ILR tana mutuwa idan mutum ya yi shekara 2 a jere a wajen ƙasar. Babu wanda zai aiko masa da wasiƙa, kawai ranar da ya so dawowa zai tarar ba shi da izinin zama. Daga nan sai dai ya nemi bizar mazaunin da ke son dawowa, ita kuma sai ya nuna yana da alaƙa mai ƙarfi da ƙasar da dalilin daɗewarsa a waje, kuma suna iya hana shi. In sun hana, ya zama baƙo mai neman bizar ziyara don ya ga jikokinsa. Zama ɗan ƙasa ba ya lalacewa saboda daɗewa a waje, ko shekara 30 ya yi a Tudun Wada.

Sharuɗɗan nema: shekara 5 na zama bisa ƙa'ida, ILR ta kai wata 12 a hannu, kada kwanakin da ya yi a waje cikin shekara 5 ɗin su wuce 450, kada na watanni 12 na ƙarshe su wuce 90. Sannan lallai ya kasance yana cikin ƙasar a daidai ranar da ta cika shekara 5 kafin ranar da takardarsa ta isa hannunsu. Wannan na ƙarshen ana yawan tuntuɓe da shi, sai a duba tsohon fasfo a ga ashe a wannan ranar mutum yana Umara. Wanda matarsa ko mijinta ɗan ƙasa ne, shekara 3 ce, kwanakin waje 270. Kuɗin nema a Afrilun 2025 fam 1,605 ne, da fam 130 na bikin rantsuwa. In an ƙi takardar, kuɗin neman ba ya dawowa.

UmmuKhalil:
Kwana 450 ɗin nan mutanenmu ba sa lissafa shi da kyau. Wanda yake zuwa gida wata 3 kowace shekara, azumi zuwa bayan Sallah, 90 sau 5 ya riga ya taɓa iyakar. In ya ƙara aikin Hajji ko zaman makoki ya wuce. A zauna da fasfo da tikitocin jirgi a rubuta ranar fita da ranar shigowa ɗaya bayan ɗaya kafin a biya ko sisi.

MaiGoro58:
Ni ban ga abin wahala ba. Ya riƙa zuwa sau ɗaya a shekara ya yi sati 2 ya koma, ILR ɗinsa na nan da rai. Fam 1,735 ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai shirin ajiye aiki.

Lauya_Sambo:
Alhaji MaiGoro, tikitin Kano zuwa Landan da dawowa sau 2 ko 3 ya cinye wannan kuɗin. Kuma dabarar tana aiki ne muddin jiki na ɗauka. Ɗan shekara 78 da shanyewar ɓarin jiki ya kama ba zai hau jirgi don raya takarda ba, alhali a lokacin ne ya fi buƙatarta. Ban da haka, ILR ta mazauni ce, jami'in kan iyaka yana da damar tambayar wanda ya ga alamar ziyara kawai yake kawowa.

Akanta_Rabi:
A raba maganar fasfo da maganar fansho, don ana cakuɗa su. Fanshon gwamnati bai damu da launin fasfonka ba, shekarun da ka biya kuɗin inshorar ƙasa yake dubawa. Shekara 10 ce mafi ƙaranci kafin a ba ka komai, 35 kafin ka sami cikakke a sabon tsarin. Cikakken a shekarar 2025 zuwa 2026 fam 230.25 ne a mako. Wanda ya biya na shekara 22 zai sami kusan 22 cikin 35 na wannan, wajen fam 144. Wanda yake da shekara 60 yanzu sai ya kai 67 zai fara karɓa.

Babbar matsalar ita ce daskarewa. Mazaunin Birtaniya ana ƙara masa kowane Afrilu. Mazaunin Najeriya, Gana ko Nijar ba a ƙara masa, a kan adadin da ya tafi da shi zai tsaya. Wanda ya fara karɓar cikakke a Afrilun 2016 ya koma gida, yana nan a kan fam 155.65, abokinsa da ya zauna a Bradford kuwa 230.25 ya karɓa a shekarar 2025 zuwa 2026. Bambancin fam 74.60 a mako, sama da fam 3,800 a shekara. Fasfon Birtaniya ba ya gyara wannan, inda kake zaune shi ne magana. Mazauna Tarayyar Turai, Amurka, Jamaika, Filifin da wasu ƙasashe masu yarjejeniya ana ƙara musu, amma ko Kanada da Ostareliya ba a ƙarawa. In mutum ya dawo Birtaniya da zama, sai a ɗaga shi zuwa adadin da ake biya a lokacin.

MaiGoro58:
To ai fam ne, Hajiya. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, mai karɓar fam 150 a mako a Kano ya fi ƙarfin cefane da kuɗin wuta. Faɗuwar naira tana rufe daskarewar.

Akanta_Rabi:
Tana rufewa a shekarar da naira ta faɗi. A shekarar da canji ya tsaya kuma farashin shinkafa, fetur da magani suka ci gaba da hawa, ba abin da ke rufe ta. Kada a gina shekara 20 na tsufa a kan fatan naira za ta yi ta faɗuwa. Wani abu kuma, tallafin da ake ƙara wa masu ƙaramin fansho yana tsayawa idan mutum ya wuce sati 4 a waje, sai a wasu larurori kaɗan. Wanda rabin abin da yake samu daga wannan tallafin ne, ya cire shi daga lissafin gida gaba ɗaya.

Akwai kuma maganar haraji. Ɗan ƙasar Birtaniya ko yana zaune a waje yana riƙe da rangwamen fam 12,570 na farko da ba a cire wa haraji. Ga wanda zai bar gida a haya a nan, wannan ba ƙarami ba ne. Kuma ya cike fom ɗin NRL1, na masu gidan haya da ke zaune a waje, kafin ya tafi, in ba haka ba dillalin hayar zai riƙa cire kashi 20 cikin 100 tun daga tushe.

Likita_Hadiza:
Wata fahimta da ke cutar da iyayenmu ita ce wai mai fasfon Birtaniya yana iya zuwa asibitin gwamnati na NHS kyauta duk sanda ya ga dama. NHS da zama take aiki. Ɗan ƙasar da ya koma Najeriya da zama, in ya zo ziyara aka kwantar da shi ko aka yi masa tiyata, ana iya cajinsa kashi 150 cikin 100 na kuɗin aikin. Ganin likitan unguwa da sashen gaggawa ne kawai ba a biya. Abin da fasfo ke ba shi shi ne ikon dawowa da zama a kowane lokaci, daga ranar da ya dawo da zama na gaskiya kuma haƙƙinsa ya dawo.

Ga wanda ya yanke shawarar tafiya, ya karɓi taƙaitaccen tarihin lafiyarsa a rubuce, da sakamakon gwajin ƙoda, na suga na wata 3, da hoton zuciya. Ya rubuta sunan sinadarin kowane magani da ƙarfinsa, don sunan kamfani yana bambanta. Likitan nan yawanci ba zai ba shi fiye da maganin wata 3 ba, saboda haka a cikin watan farko ya buɗe kati a asibitin da ke da ƙwararru, irin na Malam Aminu Kano ko na koyarwa na Shika, tun kafin ciwo ya tashi. Mai allurar insulin sai firji mai riƙe sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, ga shi Kano a watan Afrilu tana haura 40. Ke nan sola da batir suna cikin kuɗin magani. Wanda ƙodarsa ta fara rauni ya yi tunani sosai, wankin ƙoda sau 2 zuwa 3 ne a mako, a gida kuma yawanci daga aljihu ake biya.

Baban_Sadiq:
Allah ya saka da alheri Likita. Amma a faɗi ɗaya gefen. Tsufa ba magani ba ne kawai. A Ingila wanda dukiyarsa ta wuce fam 23,250 shi ke biyan gidan kula da tsofaffi da kansa, kuma in babu mata ko wani mai haƙƙi a cikin gidansa, ana lissafa gidan cikin dukiyar. Gidan da aka yi shekara 25 ana biya yana iya ƙarewa a nan. A gida da fanshon nan zai ɗauki mai kula da shi, da direba, ga masallaci a ƙofar gida, ga masu shigowa gaisuwa safe da yamma. Sanyin hunturu da kaɗaici ma ciwo ne.

UmmuKhalil:
Gaskiya ne Baban Sadiq, sai dai a tambayi uwargida. Sau da yawa maigida ne ke son komawa, ita kuma 'ya'yanta da jikokinta suna nan, ƙawayenta na nan, likitanta na nan. Dangin da ake tunanin za a tarar, da yawa sun rasu ko sun watse Abuja da Legas. Kafin a sayar da komai a je a yi wata 6 cur, a haɗa da bazara da damina, a gidan haya, ba lokacin biki ba. Kuma in za a yi wannan gwajin, a yi shi bayan an gama maganar zama ɗan ƙasa, don wata 6 ya ninka kwana 90 ɗin da Lauya ya ambata.

AbuMaryam_Sakkwato:
Ba wanda ya taɓo rantsuwa. A wajen bikin ana rantsuwar biyayya ga Sarkin Birtaniya da magadansa, da alkawarin bin dokokin ƙasar. Akwai zaɓi biyu, rantsuwa da sunan Allah ko furta alkawari ba tare da rantsuwa ba. Malamai sun saɓa a kan karɓar zama ɗan ƙasar da ba ta Musulmi ba, akwai masu hanawa, akwai masu halattawa ga wanda yake iya bayyana addininsa kuma yana da buƙata. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya kai wa malamin da ya yarda da shi ainihin lafazin ya karanta masa.

Lauya_Sambo:
Madalla da wannan. Akwai ma wani abu na gaskiya da amana a cikin fom ɗin. Mai nema ta hanyar shekara 5 yana tabbatar da cewa niyyarsa babban gidansa ya kasance a Birtaniya. Wanda ya riga ya sayar da gida, ya tura kaya a kwantena, ya sayi tikitin tafiya babu dawowa, ba zai sa hannu a wannan da gaskiya ba, kuma ƙarya a fom tana iya sa a ƙwace zama ɗan ƙasar daga baya. Shi ya sa dattijon Malam Bazazzage ya kamata ya nema yanzu, yana da shekara 60, yana aiki, da sauran shekara 7 a gabansa a ƙasar. Mai nema ta hanyar aure ba a ɗora masa wannan sharaɗin ba.

Jarrabawar sanin rayuwar ƙasar tambaya 24 ce cikin minti 45, ana son 18 daidai, kuɗinta fam 50. Wanda ya kai 65 an ɗauke masa ita da ta Turanci. Wasu na jira su kai 65 saboda haka, amma ban ga hikimar jiran ba, kuɗin nema hawa yake yi, dokokin kuma ƙara tsauri suke. A Mayun 2025 gwamnati ta fitar da shirin mayar da hanyar samun zaman dindindin shekara 10 ga da yawa daga masu shigowa.

DanGarwa:
A yi hattara, ba kowa ne a zauren nan ɗan Najeriya ba. Dokar Kamaru ta 1968 ba ta yarda da ƙasa biyu ba. Babban da ya karɓi wata ƙasa da son ransa ya rasa ta Kamaru, zai shiga Garwa da biza kamar baƙo. Ga mai niyyar tsufa a gida wannan ya juya lissafin gaba ɗaya.

Zangon_Kumasi:
Gana ta yarda da biyu, dokar 2000 ta tsara shi. Abin da aka hana mai ƙasa biyu shi ne wasu manyan muƙamai da kujerar majalisa.

Lauya_Sambo:
Najeriya kuma sashe na 28 na tsarin mulkin 1999 ne. Ɗan ƙasa ta haihuwa yana riƙe biyu babu matsala. Wanda ya zama ɗan Najeriya ta rajista ko ta nema shi ne yake rasa ta in ya karɓi wata. A riƙa sabunta koren fasfon, a ɗauki na shekara 10, a tabbatar suna da ranar haihuwa sun yi daidai a fasfo biyun da NIN da BVN. Saɓanin Muhammad da Mohammed kaɗai ya isa ya riƙe kuɗin mutum a banki. Kuma a sani, mai ƙasa biyu idan yana cikin Najeriya ɗan Najeriya ne, ofishin jakadancin Birtaniya ba zai shiga tsakaninsa da hukuma ba.

Nas_Bronx:
Namu na Amurka ya fi tsanani. Katin zama ana ɗaukar an yi watsi da shi in ka yi shekara 1 a waje, sai in ka nemi takardar izinin dawowa kafin ka fita, ita ma shekara 2 ce iyakarta. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ana tsayar masa da kuɗin fanshon gwamnati na Social Security bayan wata 6 a waje. Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi, ba ya biyan asibitin waje.

Akanta_Rabi:
Malam Nas, dokar wata 6 ɗin tana da togaciya gwargwadon ƙasar mutum. Najeriya da Gana suna cikin jerin ƙasashen da ɗansu ke ci gaba da karɓa a waje idan ya tara maki 40, wato kimanin shekara 10 na aiki. Mata da 'ya'yan da ke karɓa ta hanyarsa su ne ke da ƙarin sharaɗi. Abin da ya kamata mai neman fasfon Amurka ya auna shi ne haraji, don Amurka tana bin ɗanta da cike takardar haraji duk inda yake, kuma in kuɗinsa a bankunan waje sun haura dala 10,000 a jimla sai ya bayar da rahoto kowace shekara. Birtaniya ba ta yin haka, da zama take lissafi.

MazauninJidda:
Ku kuna da zaɓi. A Saudiyya igama a ɗaure take da aiki, aiki ya ƙare zama ya ƙare, ko an haifi mutum a Makka. Baƙo ba shi da fanshon gwamnati, sai kuɗin sallama: rabin albashin wata ga kowace shekara a 5 na farko, cikakken albashin wata ga kowace shekara bayan nan. Ga riyal 400 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashinka. Zaman dindindin na musamman da aka fito da shi a 2019 riyal 800,000 ne. Don haka mutanenmu na nan tun suna da ƙarfi ya kamata su mallaki gida a Kano ko Damagaram, da takardar mallaka a sunansu. Filin da aka saya ta hannun ɗan uwa babu rubutu shi ne yawan rigimar da ake ji.

DanDamagaram:
Faransa tana da katin 'yan fansho na shekara 10. Wanda ya taɓa riƙe katin zama na shekara 10 kuma yana karɓar fanshon can, zai iya komawa Nijar da zama ya riƙa shiga Faransa ba biza, kowace shiga har shekara 1, amma ba aiki. Katin zama na yau da kullum yana mutuwa bayan shekara 3 a waje. Birtaniya ba ta da irin wannan katin, shi ya sa maganar fasfo ta fi nauyi a wajenku.

Bazazzage_Manchesta:
Na gode ƙwarai. Mu dawo kan dattijon Ingila. In ya raba shekara biyu, wata 6 can wata 6 nan, ya tsira daga daskarewar fansho da matsalar asibiti?

Akanta_Rabi:
In gidansa na gaskiya yana nan, yana biyan harajin ƙaramar hukuma, yana da likita, yana yin yawancin shekara a nan, to mazauni ne mai tafiya hutu. In adireshin ɗansa kawai yake amfani da shi alhali yana Zariya, wannan zamba ce a wajensu, suna karɓe abin da suka biya fiye da ƙa'ida. Ofishin fansho ƙasa ɗaya yake so ka zaɓa, ba ya biya rabi nan rabi can. Mai zama a waje kuma ana aiko masa da takardar shaidar yana raye, a sa hannu gaban shaida a mayar cikin sati 16, in ba haka ba a dakatar da kuɗin. Adireshin da wasiƙa ke isa yana da muhimmanci. Raba shekara kuma yana nufin riƙe gida biyu da tikiti biyu, fanshon gwamnati shi kaɗai ba zai ɗauka ba sai da na wurin aiki.

Lauya_Sambo:
Kada a manta wasiyya. Wanda ya rasu babu wasiyya, gidansa na Ingila da dokar Ingila za a raba, mata ta ɗauki fam 322,000 na farko da rabin saura, 'ya'ya su raba ɗaya rabin, iyaye ba su da komai in akwai 'ya'ya. Matar da aka ɗaura aurenta a masallacin nan ba tare da rajista ba, doka ba ta san ta a matsayin mata ba. Mai son rabon Musulunci sai ya rubuta shi, da shaidu 2 waɗanda ba magada ba. Sabon aure yana soke tsohuwar wasiyya. Fanshon wurin aiki kuma yana da fom ɗinsa daban na wanda za a ba, a duba sunan wa ke ciki.

Baban_Sadiq:
Har yanzu ina ganin wanda 'ya'yansa duk suna gida, ba shi da gida a nan, lafiyarsa lau, ba dole ne ya nema ba. Wanda jininsa ke nan shi ne maganar Lauya ta hau kansa.

UmmuKhalil:
Akanta, uwargidan fa? Da yawa daga matanmu renon yara suka yi, shekarunsu na aiki ba su kai 10 ba.

Akanta_Rabi:
Ta duba tarihin inshorarta a shafin gwamnati kafin ta yanke ƙauna. Shekarun da ta karɓi tallafin yara da sunanta, yaron bai kai 12 ba, ana lissafa mata su kamar ta yi aiki. In da sunan maigida aka yi rajistar alhali shi yana aiki, ana iya neman a mayar mata da makin. Giɓin shekaru 6 na baya ana iya cike shi da kuɗi, fam 17.75 a mako a farashin 2025 zuwa 2026, kusan fam 923 a shekara, kowace shekara kuma tana ƙara wajen fam 6.50 a mako a fansho. Mai shekara 8 ko 9 na inshora ita ce ta fi kowa cin riba, don shekara 1 ko 2 ce tsakaninta da samun fansho gaba ɗaya. Ta kira ofishin fansho su tabbatar mata shekarar da za ta ƙara mata wani abu kafin ta tura kuɗi. Takardar zama ɗan ƙasa ma kowa tasa yake nema, ta maigida ba ta rufe ta, amma in shi ya fara samu, ita sai ta bi hanyar shekara 3 ba sai ta jira wata 12 bayan ILR ba.